Rabon Hanifa a Dajin Zurmi

A tashar Ƙauran Namoda, Hanifa na jiran motar Zurmi ta cika, sai wani malamin makaranta da ke gefenta ya soma bayani.

"Hajiya, in aka kasa jama'a bisa faɗin ƙasa, mu ba mu da cunkoso. Kowa na da fili."

"Allah sarki, Malam! Ashe ni mai fili ce! Tun da 'yan bindiga suka tashe mu, ni da 'ya'yana ɗakin ƙanwata muke, ko miƙe ƙafa sai da izini."

"Ai lissafin ya haɗa da daji."

Idonta ya ciko, amma ta yi murmushi.

"Madalla, gonata na cikinsa. In mun sauka, raka ni mu auno rabona."

Malam ya gyara hula.

"Ni iyakata cikin gari, Hajiya."