Muryar da Ba Ta Amsa Gaisuwa

Mai girma shugaban taro, iyayenmu dattawa, shugabannin wannan ƙungiya, manoma da makiyaya da kuka baro gona da garke, iyaye mata, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni wannan dama. Ba ku san fuskata ba, amma kun san muryata, domin ni ce nake gaya muku labarin ruwan sama da ranar rigakafin dabbobi idan kun buga lambar wayar nan. Ɗakin da ake ɗaukar muryata ko taga babu, an lulluɓe bangonsa da soso, daga ni sai na'ura. Dubban mutane nake yi wa magana, amma ban taɓa ganin wanda ya gyaɗa mini kai ba.

An ce za a rufe layin barin saƙo saboda aiki ya yi yawa. A kan haka zan faɗi abu biyu.

Na farko, ba tambaya kaɗai ake bar mana ba. Akwai wani tsoho mai kiwon zuma, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse birni. Da farko a kan zumarsa yake tambaya, daga baya sai gaisuwa zalla. Wata rana ya ce, "'Yata, kullum ina gaishe ki, ke kuwa sai ki ce in danna ɗaya. Haka aka koya miki a gida?"

Sai na kira shi da kaina. Da ya ji na amsa gaisuwarsa, sai ya ce, "Ashe kina numfashi."

Na biyu, a cikin hirar nan na gane an ba shi maganin hawan jini, an rubuta yadda zai sha a jikin kwali, babu mai karanta masa. Sai kansa ya sara yake haɗiya. Na haɗa shi da ma'aikaciyar jinya, yanzu yana sha a kan ƙa'ida.

Jama'a, ku bar layin nan. Ku bar shi saboda tsofaffin da gida ya yi wa faɗi, ku bar shi saboda mai riƙe da takarda ba mai karanta masa.

Na gayyaci Baba mai zuman nan yau, ya ce tafiyar ta fi ƙarfin ƙafarsa, amma zai bar mini saƙo da yamma ya ji yadda muka ƙare. Ku gaya mini abin da zan ce masa.

Allah Ya albarkaci wannan taro, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ɗebe wa mai kewa kewarsa, Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.