Matakala Biyu

A tashar motar bakin jami'a, wani mai gadi ya zauna kusa da wani ɗalibi mai keken guragu, yana ta mita.

"Ɗana, yau gwajin gobara aka yi. An ce in goyo wani ɗalibi daga hawa na uku. Na tsaya a matakala har na gaji, bai zo ba!"

"Wace matakala, Baba?"

"Ta gabas mana."

"Ni kuwa ta yamma aka ce in jira."

Mai gadin ya dube shi, ya dubi keken, ya sosa ƙeya.

"Ikon Allah! To, ai da muka taru a fili cewa aka yi kowa ya tsira, har da tafi."

"Na jiyo ta taga, Baba. Ni ma na taya ku."