Inna Ta Tafi da Tocilata

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Maman Sadiya ce daga Tudun Wada, Zariya.

Kazata tana kwanci, sai na lulluɓa da bargo da rana tsaka, ina haska ƙwayayen da tocila don in ware baragurbi. Surukata Inna ta ritsa ni, ta ce, "Ke! Asirin Allah kike leƙe? Wallahi ba za su ƙyanƙyashe ba!"

Na ce, "Inna, ku dai leƙo."

Tana ganin ɗan tsako yana motsi cikin ɓawo, sai ta hau salati. 'Yan tsakin kuwa sun fito lafiya lau.

Yanzu Inna gida-gida take bi, har Tudun Jukun, tana haska wa mata ƙwai. Jama'a, ku ba ni shawara, yaya ake karɓo tocila daga hannun suruka?