Igiyar da Na Ƙulla da Kamu

Rifkatu maƙwabciyata a Gwallaga, nan Bauchi, ce ta fara gaya mini wai ɗanta Bitrus yana zana taswirar ƙasan teku. Na ce, "Rifkatu, yaron da ko kwata bai iya tsallakewa ba sai ya jiƙa wando?" Ta ce shi ɗin fa. Ya rame a Legas, abincinsu ya ƙi shi, yana neman wadda za ta riƙa tuƙa musu tuwo shi da ma'aikatansa biyu. Lokacin kakanku bai daɗe da rasuwa ba, zaman ɗaki ya ishe ni. Na sayar da tunkiyata na yi kuɗin mota, na ɗaure kuka da daddawa da babbar tukunyata, na hau.

Ke Hauwa, kife wayar nan, ba ita ke ba da labarin ba.

Matar da ta ba ni hayar ɗaki, kwana biyu da zuwana ta tsaya a ƙofa tana toshe hanci. Da 'yar Hausarta ta kasuwa ta ce, "Mama Hausa, me ya mutu a ɗakinka?"

Na ce, "Daddawa ce."

"Fitar da shi waje!"

"Ke kifin da kike banda a ƙofata turaren wuta ne?"

Bayan mako na kama ta tana zuba irinta a miya, wai su iru suke ce mata. Daga ranar muka shirya.

To, aikin Bitrus. Kullum ina jin suna cewa eko sanda, eko sanda. Ni kuwa na ji Yarbawa na kiran garin Eko, sai na ɗauka wata doguwar sanda ce ta mutanen Eko da ake zurawa a ruwa. Ashe wani ɗan abu ne bai fi gwangwanin madara ba, an ɗaure shi a bakin bututu a gefen kwalekwale. Yana aika ƙara ƙasa, ƙarar ta bugi ƙasan ruwa ta dawo, shi kuma ya lissafa zurfin. A saman bututun akwai wani kamar faifai mai gaya musu inda suke. Batirin babur ke ba su wuta, kwamfutar kuwa a cikin bokitin roba take zama don kada ta jiƙe. Su yini suna kai da komo kamar mai huɗa, da yamma sai ga hoto: nan shuɗi mai zurfi, nan ja mai tudu. Manyan kamfanoni da jirgi guda suke wannan aiki. Shi da guntun kuɗinsa ya sayi kayan ɗaya-ɗaya, ya harhaɗa da hannunsa.

Wani Alhaji mai jiragen ɗibar yashi ya ba shi aikinsa na farko, yana son sanin hanyar da jiragensa za su bi ba su kafe ba. Ya yi zaman Jos, Hausa a bakinsa tas. Da ya ga kayan sai ya ce, "Wannan kayan wasan? Gobe ka gwada a gabana. In ya yi ƙarya, na kira manya." In aikin nan ya kuɓuce, Bitrus ya gama, don ba shi da wani.

Yadda ake gwajin, ana zura faifan ƙarfe da igiya a ƙarƙashin na'urar, a ga ko abin da ta faɗa ya yi daidai da tsawon igiyar. Faifansa da igiyarsa kuwa sun sulluɓe cikin ruwa kwana biyu kafin ranar. Da safe ya zo a gurguje ya ce, "Inna, ara mini murfin tukunyarki. Ga sabuwar igiya, ki yi mini ƙulli a kowace mita, bari in karɓo batiri."

Ni mita ɗaya na sani, wadda ke jikin bango tana cinye mana kuɗin wuta. Kunya ta hana ni tambaya. Na ce a raina ai ba za ta wuce yadi ba. Na riƙa yin kamu biyu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, in ƙulla, kamar yadda muke auna zane. Na bi su har cikin kwalekwalen, don ba zan bar murfina a hannun maza ba. Aka ɗaura mini rigar ruwa na zama kamar buhun auduga.

Aka zura murfi. Ƙulli na farko, na'ura ta ce bai kai mita ba. Na biyu, ta ƙara ragewa. A ƙulli na biyar ta ce huɗu da rabi. Alhaji ya naɗe hannun riga ya ce, "Rabin mita, ɗan samari. A rabin mita jirgina ke kafewa. Mai da ni gaɓa."

Na dubi Bitrus. Yana ta taɓa wayoyi, bai ko kalle ni ba, don bai taɓa zaton kuskuren daga wajena yake ba. Da na yi shiru da ba wanda zai sani.

Na ce, "Alhaji, tsaya. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, ni ce ban san mita ba. Da kamu na ƙulla."

Bitrus ya ce, "Inna! Kamu?"

"Kamu. Ka tambaye ni ko na sani?"

Aka jawo igiyar, aka shimfiɗa ta a kwalekwale, Alhaji da kansa ya ja tef ɗin awo. Daga murfi zuwa ƙulli na biyar, huɗu da rabi cif. Ya sake ja. Sannan ya yi dariya har kwalekwale na girgiza, ya ce, "Abin da ya kama kuskuren tsohuwa, ba zai ɓoye mini tudun yashi ba. Ci gaba da aikinka."

Da muka sauka, Bitrus ya kwance igiyar. Ya wanke murfin da ruwan daɗi, ya miƙo mini da hannu biyu.

Na yi damina biyu a can, har ya sayi na'ura ta biyu ya yi aure, tuwo ya koma hannun matarsa. Na dawo Bauchi da abin da ya ishe ni rufin ɗaki da 'yan tumaki. Washegari da safe, tun ban kwance kaya ba, na je wajen telan bakin layi na sayi tef, na zaunar da uwarku a tabarma na ce, "Ke da kika yi boko, nuna mini inda mita ta tsaya."