Tumatirin da Jikoki Ke Ci

A kasuwar kayan lambu ta Niš, wata mai tsohon ciki, Tijana, ta tsaya gaban teburin tsohuwa Radojka tana jujjuya tumatir.

"Kaka, an fesa wa wannan magani?"

"Magani? Kashin tumaki da ruwan rijiya kawai ya sani, 'yar nan."

"Akwai takardar shaida? A kanti suna manna wa nasu."

"To je ki kanti ki ci takardar! Ku 'yan birni, a manna wa roba hoton ganye, ku saya da tsada har kuna godiya."

"Ai kyansa ne ya yi yawa, ko tabo babu."

"Ikon Allah! Ya yi kyau, laifi. Ya yi muni, ku wuce ni. Mai tsutsa kike nema?"

"Likita ne ya ce in kiyaye, saboda cikin."

"Likita! Jikokina shida, babu wanda ya san ƙofar asibiti. Ɗan fili na ware musu a gefen gida, ko ɗigon magani ban yarda ya taɓa shi ba."

Tijana ta ajiye tumatirin a hankali.

"Kin ware musu? To wannan daga wane filin yake?"

Tsohuwar ta shiga korar ƙudan da babu su.

"Babban."

"Kawo min na ƙaramin gobe, ko nawa ne."

Radojka ta dubi cikin, ta janye kwandon daga gabanta.

"Ba ya isar mu. Je ki ƙarshen layi wajen waccan mai ƙanjamammen kaya. Rowa ba ta barin ta sayen magani."