Ranar da Muka Ja Kekensa Bakin Ƙofa

Assalamu alaikum. Malam Liman, Likita, shugaban ƙungiyar teloli, Baba mahaifin marigayi, matar marigayi da 'ya'yansa, jama'a, sannunmu da haƙuri.

An ce in yi magana don ni ne babba a shagonmu. Da za a bar ni da na yi shiru, don wallahi kunya nake ji.

Shekara goma sha tara keken ɗinkinsa na gefen nawa. Sarkin Aljihu muke ce masa, don aljihun da ya ɗinka sai riga ta mutu ta bar shi. Ya kasance mai gyara ɗinkin da muka ɓata, bakinsa alaikum. Ya kasance mai haɗa wa marayu kayan makaranta da ragowar yadi.

Ranar da ya ce mana an ga ƙwayar ciwon hanta a jininsa, me muka yi? Muka ja kekensa bakin ƙofa, wai ya sha iska. Muka ware masa kofi, aka ɗaura wa kofin jan zare. Ni na ɗaura. Lokacin cin abinci kowa ya ce ya ƙoshi. Muka shiga raɗe-raɗin inda ya kwaso ta. Abin da ya ce kawai shi ne, "Yaya, nan ma akwai haske."

Bayan rasuwarsa Likita ya gwada mu. Mu bakwai ne, uku an ga ƙwayar ta taɓa shiga jikinmu ta fita, har da ni. Na ce, "Likita, to shi me ya sa ta kashe shi?" Ya ce ƙwayar ɗaya ce, jiki ne ya bambanta. Wanda ta kama da girmansa, yawanci jikinsa kan kore ta. Shi kuwa da alama tun yana jariri ta shige shi, lokacin da jiki bai iya faɗa ba, ta zauna tana cin hanta a ɓoye. Kuma ba ta bin kofi ko kwano. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango nasa, ashe shi ko laifin ba shi da shi.

Ƙanwata, na san zarginmu ya iso kunnenki. Mijinki bai aikata komai ba. Ku yara, ku ɗaga kanku, ubanku mutumin kirki ne. Mun bari ya tafi ba mu nemi gafararsa ba, yanzu ku muke roƙo.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙansa, ya sa jinyarsa kaffara ce, ya raya abin da ya bari. Mu kuma, ya Allah, ka sa ya yafe mana ranar da za mu haɗu.