Na'urar Sanyin da Na Saya wa Dada

Assalamu alaikum mai gabatar da shiri, barka da aiki, da kai da masu sauraro. Daga Damilu a Jimeta nake rubuto maka.

A zafin bara mahaifiyata, Dada, tana fama da hawan jini, ga ɗakinta kamar tanda. Na shiga kasuwa in saya mata na'urar sanyaya ɗaki. Mai shago ya nuna mini wata ƙarama sabuwa, da takarda mai taurari manne a jikinta. Ya ce, "Malam, yawan taurarin nan shi ne ƙarancin cin wuta. Wannan ko ƙaramin janareta zai ɗauke ta." Na ɗauka daɗin bakin ɗan kasuwa ne. Na ɗaga wata ƙatuwa ta gwanjo, na ji nauyi, na ce wannan ce mai ƙarko, ba zan kai wa uwata ƙarama ba.

Ka san wutar unguwarmu ba ƙarfi. Na'urar sai ta yi gurnani ta mutu. Janaretanmu ma ya kasa ɗaukarta. Dada takan jiƙa zane ta lulluɓa, ta ce, "Bari, ɗana, ai na fara jin sanyinta," don kada in ji kunya.

Kafin saukar ruwan farko Allah ya karɓi abarsa. Na san kwana ne ya ƙare, amma raina bai huta ba.

Don Allah ka gayyato masani ya yi wa jama'a bayanin taurarin nan. Masu sauraro kuma su sa Dada a addu'a. Na'urar tana nan a tagar ɗakinta, har yau na kasa cire ta.